Awa Huɗu da Rabi Tsakanina da Uwani

Awa huɗu da rabi jirgi ya yi da mu daga Kano zuwa Jidda. Ni Talatu mai suyar kifi a bakin gadar Wudil, da na sauka har raini sai da ya kama ni. Ashe nan ne Saudiyyar da ake ta zuzutawa? Na taɓa zuwa biki Jos a motar haya, na fi haka daɗewa a hanya, ga ciwon baya na dawo da shi. Nan kuwa an ba ni shinkafa, na ɗan gyangyaɗa, ina farkawa aka ce a ɗaura ɗamara mun iso.

Kafin in taso, Madam Rahila, wata 'yar Gombe da ke aiki a jami'a kuma take sayen kifina duk Juma'a, ta duba mini a wayarta. Ta ce kilomita dubu uku ne da ɗoriya. Ta ce, “Talatu, kar awannin nan su ruɗe ki, wurin nan da nisa.” Na ce mata ni ban san kilomita ba, awa na sani. A kan awannin nan na yi wa 'yata Uwani alkawari. Ita kaɗai Allah ya ba ni kafin ubanta ya rasu, kuma ba a daɗe da kai ta ɗakin mijinta Sani a Lajawa ba. Na ce mata duk ranar da ciki ya tsufa ta aiko mini, in na yi asuba a Jidda, la'asar tare za mu yi.

Ba ɗokin jika ne ya sa na yi alkawarin ba, tsoro ne. Ƙanwata Ladidi haihuwar fari ce ta tafi da ita, kuma ba wurin naƙuda ba, wurin jego. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu da ta riƙe mu a Kausani, ita ke yi wa 'ya'yan dangi wanka. Sai ruwa ya tafasa yana ɓararraka a garwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa wa mai jego safe da yamma, ta kwantar da ita a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, ta ɗura mata kunun kanwa har sai ta ce ta tuba. Ni na sha na tsira. Ladidi ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara gagara, Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta. Da muka kai ta asibiti likita ya ce zuciyarta ce ta gaza, kanwar da zafin sun yi mata yawa. Ba ta ga arba'in ba. Tun daga ranar na sha alwashin ba mai yi wa 'yata wanka sai ni.

A Jidda yaron ejan da ya yi mana hanya ya tarbe mu da leda a hannu. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana karɓar fasfo, wai don kar ya ɓata. Na miƙa masa nawa har da godiya. A Kano ejan ya rantse mini girki zan yi a cikin Jidda, duk Juma'a in na so in leƙa Harami in yi ɗawafi. Washegari aka saka ni a bayan wata farar mota, muka kama hanya tun hantsi. Muka wuce gidaje, muka wuce rairayi, muka fara hawan duwatsu kunnena yana toshewa. Sai da rana ta faɗi muka tsaya a wani gari na kudu mai sanyi kamar a cikin randa. Na lissafa a raina, motar nan ta ninka jirgi daɗewa. Jikina ya ɗan yi sanyi, amma na ce ai hanya ce, yadda aka zo haka za a koma.

Girki kuwa ko ludayi ban taɓa ba. Wata tsohuwa aka ba ni jinya, rabin jikinta ya shanye, kowa a gidan Ummi yake ce mata. Ɗanta Abu Nasir shi ne mai gidan, kuma fasfona yana cikin durowarsa. Ni ke ɗaga Ummi, ni ke yi mata wanka, ni ke sa mata abinci a baki. Da farko mun sha daga, ta zage ni da Larabci in rama da Hausa, kowa ya huce. Daga baya muka saba. Takan ɓoye dabino a ƙarƙashin matashi, in na zo gyara shimfiɗa ta tura mini da hannunta mai lafiya. A bakinta na tsinci ɗan Larabcin da nake ji.

Kewar gida ta ci ni a garin nan. Abincinsu ba yaji ba daddawa, kifinsu in an kawo shi daga firji kamar soso. Ranar Juma'a ce ta fi yi mini ciwo. Ina shanya kayan Ummi a kan soro sai in ga kasuwar Wudil a idona, motocin shanu sun cika titi, masu fito suna ihu, mai yana ƙara a kaskona. In sauko in wanke fuska, don ban yarda matar Abu Nasir ta ga hawayena ba ko sau ɗaya.

Ina cikin shekara ta biyu Uwani ta turo mini murya a waya, tana magana ciki-ciki don kunya. Na gane ciki ne. Na sami Abu Nasir na ce ina son fasfona in je gida in dawo. Ya ce gobe. Goben nan na bi ta har na gaji. Ranar da na tsare shi a bakin ƙofa ya fito mini a mutum, ya ce ya biya eja, ba inda za ni sai wa'adina ya cika, kuma wa zai riƙe masa uwa? Na kira eja a Kano, yana jin muryata ya kashe, daga nan layin bai ƙara shiga ba.

Can gida kuwa abin da nake gudu ya fara. Ciki na shiga wata bakwai Gwaggo ta je Lajawa ta ɗauko Uwani goyon ciki, tunda uwarta tana can tana yawon duniya, in ji ta. Sani ya sauke itacen wanka a ƙofar gidanta. Na kira shi na ce kar ya yarda a ba ta kanwa. Ya ce, “Inna, ni ina ni ina yi wa Gwaggo musu?” Yaron kirki ne, amma a gaban manya ba shi da baki.

Wata safiya ina cuɗa wa Ummi baya zuciyata ta karye. Ga ni ina wanke uwar wani, tawa 'yar za a dafa ta da rai. Ummi ta juyo ta ga fuskata. Da guntun Larabci da nuni na yi mata bayani, na nuna ciki, na nuna tukunya, na nuna yadda Ladidi ta kumbura. Da ɗanta ya shigo gaishe ta ta wanke shi tas, har tana haki. Ya sumbaci goshinta ya fita, durowa dai ba ta buɗu ba.

Allah ya kawo ranar da za a kai Ummi ganin likita a Jidda, dole aka tafi da ni. A asibitin Abu Nasir ya sauka karɓo magani, ya bar mu mu biyu a ɗaki. Ummi ta jawo hannuna ta cusa mini abin da zai ishe ni mota, ta ce, “Ruhi.” Wato tafi. Na tsaya ina kallonta, don na san in na tafi ba mai juya ta yadda take so. Ta daka mini tsawa ta sake faɗa, sannan ta juya fuskarta bango ta rufe ido. Na gyara mata bargo na fita. Jakata, da zannuwan da na saya wa Uwani, da haƙƙina na watanni, duk suna can kan dutse, har yau ban waiwaye su ba.

Na tare tasi na ce filin jirgi. A raina magana ta ƙare, yau a Wudil zan kwana. Ni duk zatona filin jirgi tasha ce babba, don a zuwa eja ne ya yi komai. Ka je ka nemi layin garinku, ka yi ciniki, in kuɗinka bai kai ba ka roƙi arziki a ƙarasa a gida. Na shiga ina rarraba ido ko zan ji mai kiran Kano, Kano. Ban ji ba. Na nufi wani saurayi mai farar jallabiya a bayan kanta na ce masa, “Kano.” Ya ce fasfo. Na ce yana wurin wani azzalumi, ya bar wannan maganar, ni dai ya gaya mini saura mutum nawa jirgin ya cika. Da Hausa na faɗa, da ƙarfi kuma.

Sai na ji an kama mini gefen abaya. Wani dattijo ne baƙi mai tura keken kaya. Da Hausa tsantsa ya ce, “Baiwar Allah, zo nan, rufa wa kanki asiri.” Ya ja ni bayan wani ginshiƙi. Sunansa Malam Bukar, cikin Takari aka haife shi, wato mutanenmu da suka daɗe da zama a can. Kakansa da ƙafa ya zo daga Barno.

Ya ce, “Daga ina?”

Na ce, “Wudil.”

“To 'yar Wudil, nan ba a lodi. Ko jirgin nan ba kowa a ciki, ba za ki hau ba sai da fasfo, da izinin fita, da sa hannun wanda kika gudo daga gidansa.”

Na ce, “Malam, awa huɗu da rabi ne fa.”

Ya ce, “Ga mai takarda ba.”

Ta cikin gilashi ina hango jiragen a jere, wani ma har ya fara tafiya. Ban taɓa jin na tsani abu kamar yadda na tsane su a lokacin ba. Malam Bukar ya sayo mini shayi da burodi, ya tsaya har na cinye, da ya tashi aiki ya kai ni gidan yayarsa Hajiya Maryama a wata tsohuwar unguwa.

Hajiya Maryama ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta yi mini tuwo da miyar kuka, na ci ina kuka, ina ba ta labarina. Ta ce hanya biyu ce. Ko in ɓuya cikinsu in yi ta aikatau a ɓoye, bayan shekaru in tara abin da zan koma da shi da mutuncina. Ko kuma tarhil, wato in miƙa kaina hukuma ta kama ni, a tsare ni, a ɗauki hoton yatsuna, a mayar da ni gida, kuma ƙasar ta haramta gare ni.

Ta ce, “Ke ko Ka'aba ba ki gani ba. Ki koma hannu Rabbana a yi miki dariya? Yarinyar nan Allah zai tsare ta, mu duk ba haka aka wanke mu ba?”

Na ce, “Hajiya, a yi dariyar. Nuna mini inda ake kamun.”

Ƙarƙashin wata gadar sama ce. Na tarar da mutane zube a kan kwalaye, 'yan Habasha, 'yan Indonesiya, namu, kowa yana jiran a zo a kwashe shi. Abin haushi, kamun ma sai da rabo. Motar 'yan sanda ta zo ta ɗebi na gaba ta ce ta cika, gobe ta wuce ko kallonmu ba ta yi ba. Ni da ko ofishin 'yan sandan Wudil ban taɓa takawa ba, ga ni ina addu'ar Allah ya sa a kama ni. Da na ga kwanaki suna tafiya, wata rana ina hango motar na miƙe na tsaya a tsakiyar titi na ware hannuwa. Direban ya taka birki yana salati. Na ce masa ba ni da takarda ko ɗaya, daga gidan aiki na gudo, in bai kama ni ba shi ma bai yi aikinsa ba. Ya dubi abokinsa suka tuntsire da dariya, suka buɗe mini baya na shiga da bismilla.

Wurin tsarewar wani makeken zaure ne, gadaje a jere, fitila ba ta mutuwa. Ba wanda ya dake ni, abinci ma ana ba mu, amma jira ya fi duka ciwo. Sai an tabbatar ke 'yar ina ce, sai an yi miki takardar da za ta maye fasfo, sai an sami kujera a jirgi. Kullum da safe a zo a kira sunaye, in kasa kunne har a naɗe takarda. An karɓe wayoyinmu, amma wata 'yar Habasha mai gadon kusa da nawa, Salam, tana da wata 'yar ƙarama da take ɓoyewa cikin gashinta. Ba ma jin yaren juna. Ta dai ga yadda nake zama in zuba wa ƙofa ido, sai ta miƙo mini.

A wayar nan na ji Uwani ta sauka, namiji. A wayar na ji an yi suna ba ni. Bayan suna na sake kira, da ƙyar aka ba ta.

“Inna, sannu. Yaushe za ki zo?”

Kafin ta ƙarasa sai da ta tsaya ta ja numfashi sau biyu. Na ce, “Me ya sami muryarki?”

“Ba komai. Ƙafafuna ne suka ɗan hau, kuma in na kwanta sai in ji kamar an danne ni. Gwaggo ta ce ruwan ne bai ratsa ni ba, za a ƙara wuta.”

Na san maganar nan, na taɓa jin ta. Na kira Madam Rahila na roƙe ta don girman Allah. Baiwar Allah ta ɗauki motarta ta tafi har Kausani. Gwaggo ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta fura, ta ce an gode, amma wannan ba al'adar su Madam ba ce, ta bar wa masu abu abinsu. Ko ɗakin mai jegon ba a bari ta shiga ba.

Daga ranar na zame wa ma'aikatan wurin ƙarfen ƙafa. Duk wanda ya shigo da takarda sai na tare shi. Na koyi yadda ake cewa 'yata za ta mutu da Larabci, ina faɗa wa kowa, har mai shara. Wata ma'aikaciya ta ce in yi haƙuri, na ce na ba ta haƙurin kyauta, ni jirgi nake so. Ko don sun gaji da ni ne, ko lokacina ne ya yi, oho. Wata safiya aka kira Talatu.

Awa huɗu da rabin nan da na raina a zuwa, a dawowa sai da na ji kamar an ɗaure jirgin da igiya. Akwai ɗan allo a bayan kujera mai nuna inda aka kai, na zuba masa ido, ɗan jirgin da ke ciki yana rarrafe a kan Sudan kamar ba zai fita ba. Aka kawo shinkafa na ce a ɗauke. Muka sauka Kano, daga ni sai abayar jikina da silifas. Wani direban Wudil da ya san ni a bakin gada ya ɗauko ni, ya ce in bar kuɗin. Bai tambaye ni ina tsaraba ba, Allah ya saka masa.

Bayan la'asar na isa Kausani. Tun daga zaure na jiyo ƙamshin darbejiya. Garwa tana kan murhu tana tafasa, Gwaggo ta ɗaure ƙugu da ganye a hannu, mata biyu sun riƙo Uwani suna fito da ita daga ɗaki. Da ban san 'yata ba da ban gane ta ba. Fuska ta cika, ƙafafu kamar turame, baki a buɗe tana neman iska.

Ban yi sallama ba. Na wuce murhu na janye itacen ɗaya bayan ɗaya, na sa ƙafa na ture garwar, ruwan ya malale tsakar gida kaji suka watse.

Gwaggo ta ce, “La'ilaha illallahu! Talatu? Haukan da aka ce kin yi a can gaskiya ne?”

“Gwaggo, ina wuni. Asibiti za mu.”

“Da ɗanyen jiki? Ba ta yi arba'in ba za ki fitar da ita iska ta buge ta? Ke ko kunyar 'yar fari ba kya ji? Ni na wanke ki, ga ki nan garau har kina ture mini garwa!”

Na ce, “Kin wanke Ladidi ma.”

Matar nan ita ta goya ni, ita ta aurar da ni, ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba sai ranar. Ganyen ya faɗi daga hannunta. Na ji zafin abin da na faɗa har cikin raina, amma ban janye ba. Na juya na durƙusa, na ce a ɗora mini Uwani a baya. Na goya ta kamar jaririya har bakin titi, Sani yana biye da mu da jaririn, yana ta kiran mai Adaidaita.

Likita ya duba ta ya tambayi abin da take sha, na gaya masa. Ya girgiza kai ya sa aka ba ta gado da abin numfashi. Kwanakin farko a zaune take barci, ni ina riƙe da ita. A hankali ruwan ya fara sauka. 'Yan dubiya suna zuwa, wasu don ita, wasu don su ga Hajiyar tarhil, sunan da aka sa mini ke nan a gari. Duk wadda ta tambaye ni ya Makka sai in ce ban je ba, kamo ni aka yi, kuma ni na tare motar. Gwaggo kuwa ko leƙe.

Wata safiya na farka na ga Uwani kwance a miƙe a kan bayanta tana barci, idon sawunta ya fito. Ta buɗe ido ta ce, “Inna, yunwa nake ji.” Na fita da sauri don kar ta ga fuskata.

A bakin ƙofa na tarar da Gwaggo zaune a kan benci, ta rame, da fulas a kan cinyarta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta miƙo mini fulas ɗin tana kallon gefe.

Ta ce, “Gero ne da tsamiya. Ba kanwa. In ba ki yarda ba ki ɗanɗana.”

Na san so take in ce haba Gwaggo, ya za a yi in ɗanɗana. Mata suna zaune a bencin suna kallonmu. Na buɗe fulas ɗin, na tsiyaya a murfi, na kurɓa a gabanta, na juya shi a baki sosai kafin in haɗiye. Sannan na shigar wa 'yata.